Sankarar kai da wuya: Abin da ya sa haɗarin kashe kai ya yi yawa a tsakanin masu fama da ita

Daga shekarar 2000 zuwa 2014, rumbun bayanan ciwon daji na gwamnatin Amurka da ake kira SEER ya bi sawun mutum 151,167 waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da sankarar kai da wuya. A cikinsu akwai 404 da ba sankarar ce ta yi ajalinsu ba, su ne suka kashe kansu. Idan aka auna wannan adadi da ma'aunin da masana ke amfani da shi, ya kama mutum 63.4 cikin kowane 100,000 a shekara. A tsakanin masu ciwon daji gaba ɗaya adadin 23.6 ne, a tsakanin sauran jama'ar ƙasar kuwa 17.4.

Wanda ya jagoranci binciken, Dakta Nosayaba Osazuwa-Peters, ɗan asalin Najeriya ne da ya karanci likitancin haƙori kafin ya koma nazarin yaɗuwar cututtuka. Yana Jami'ar Saint Louis lokacin da mujallar Cancer ta wallafa sakamakon a 2018. Bayan shi da abokan aikinsa sun daidaita alƙaluman da shekaru da jinsi da sauran bambance-bambance, sun tarar cewa mai sankarar kai da wuya ya kusa ninka mai wani nau'in ciwon daji sau biyu wajen yiwuwar kashe kansa. Sankarar halittar cikin ciki da likitoci ke kira fankiriyas kaɗai ce ta wuce ta, ita kuwa cuta ce da ba kasafai ake tsira daga gare ta ba. Sankarar kai da wuya ana warkewa daga gare ta sosai idan an gano ta da wuri. Wannan shi ne abin da ya ɗaure wa masu bincike kai: me zai sa mutumin da likita ke da kyakkyawan zaton zai rayu ya yanke ƙauna haka?

A wannan maƙala za a yi amfani da “sankara” da “ciwon daji” maimakon kalmar aro ta “kansa”, domin a maganar da ake cewa mutum ya kashe kansa, kalmar na iya rikita mai karatu.

Wace cuta ake nufi

“Kai da wuya” suna ne da likitoci suka ba rukunin sankarar da ke tsirowa a leɓe, da cikin baki, da harshe, da dasashi, da kogon hanci, da bayan hanci, da maƙogwaro, da akwatin murya, da halittun da ke samar da yawu. Sankarar ƙwaƙwalwa ba ta cikin rukunin. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu ɗauke da waɗannan nau'o'i fiye da 900,000 a duniya.

Manyan abubuwan da ke jawo ta su ne taba, ta sha ko ta tauna, da barasa, musamman idan aka haɗa su biyun. Ƙwayar cutar HPV na haddasa ta a gindin harshe da 'yan wuya, kuma irin wannan ce ke ƙaruwa a Turai da Amurka a tsakanin mutanen da ba su taɓa shan taba ba. Sankarar bayan hanci tana da alaƙa da wata ƙwayar cutar daban, Epstein-Barr. Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha sanya ta cikin waɗanda suka fi yawa a ƙasar, tare da ta kogon hanci da ta akwatin murya, kuma sun sha nanata cewa akasarin majiyyata sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti.

Alamun farko ba su da ban tsoro, shi ya sa ake sakaci da su: dishewar murya da ta wuce mako uku, gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ƙullutu a wuya marar zafi, toshewar ƙofar hanci ɗaya tare da haɓo, ko dushewar ji a kunne ɗaya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken 2018 ba shi ne na farko ba. A 2008, Stephanie Misono da abokan aikinta sun duba bayanan SEER na 1973 zuwa 2002, suka gano cewa masu ciwon daji a Amurka na kashe kansu kusan ninki biyu na sauran jama'a, kuma sankarar baki da maƙogwaro da ta akwatin murya suna cikin huɗun farko, bayan ta huhu da ta tumbi.

A 2015 wata tawaga daga makarantar likitanci ta Rutgers a jihar New Jersey ta taƙaita dubanta ga kai da wuya kaɗai. Cikin majiyyata 350,413 na shekarun 1973 zuwa 2011, an samu 857 da suka kashe kansu, wato fiye da ninki uku na sauran jama'a. Abin da ya fi jan hankali a wannan bincike shi ne yadda haɗarin ya bi gurbin cutar. Masu sankarar ƙasan maƙogwaro, daidai mashigar abinci, sun ninka jama'a kusan sau 14. Masu ta akwatin murya sun ninka fiye da sau 5. Ma'ana, inda cutar ta taɓa haɗiya da magana, can haɗarin ya fi tsanani. An kuma ga cewa maza sun fi mata shiga haɗarin nesa ba kusa ba, haka waɗanda cutarsu ta yi nisa, da waɗanda aka yi wa gashi kaɗai idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai.

Osazuwa-Peters ya sake komawa kan batun a 2021, wannan karon yana tambayar ko wurin zama na da tasiri. Cikin majiyyata 134,510 na 2000 zuwa 2016, adadin mazauna manyan birane ya kama 59.2 cikin 100,000 a shekara, na mazauna karkara kuwa 126.7. Ninki biyu ke nan, a ƙasar da ko ƙauyenta ya fi biranen wasu ƙasashe yawan likitoci.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe kafin a ɗauki waɗannan alƙaluma a yi ta yawo da su. Na farko, 404 cikin 151,167 bai kai mutum uku cikin dubu ba. Mafi yawan masu wannan cuta ba sa kashe kansu, kuma faɗin haka wajibi ne ga duk wanda ke da ɗan'uwa a gadon asibiti. Na biyu, alƙaluman na Amurka ne, ƙasar da mallakar bindiga a gida ta zama ruwan dare, kuma kuɗin asibiti ke talauta iyali. A Ingila, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin jinya, wani bincike na 2019 kan majiyyata miliyan 4.7 ya samu ƙarin haɗarin kashi 20 cikin 100 kacal a tsakanin masu ciwon daji gaba ɗaya. Babban nazarin da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2022, wanda ya tattaro bincike 62 daga ƙasashe daban-daban, ya tsaya a kashi 85 cikin 100. Girman haɗarin yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma alkiblarsa ɗaya ce a ko'ina aka auna.

Me ya bambanta wannan sankara

Mai sankarar hanji ko ta mafitsara zai iya sa babbar riga ya shiga jama'a ba wanda ya san halin da yake ciki. Mai sankarar muƙamuƙi ba shi da wannan sutura. Cutar, da kuma maganinta, suna aiki ne a wurin da mutum ke magana, yake ci, yake numfashi, kuma ake gane shi.

A ɗauki gashi. Yawanci ana yin sa kwana 5 a mako, tsawon mako 6 zuwa 7. Ana ƙera wa majiyyaci abin rufe fuska na roba daidai siffar kansa, a ɗaure shi da shi a jikin gadon na'ura don kada ya motsa. Zuwa mako na biyu ko na uku, fatar cikin baki da maƙogwaro ta fara saɓulewa, haɗiyar ruwa ma ta zama azaba. Ɗanɗano ya gushe. Yawu ya kafe ko ya yi kauri kamar danƙo, kuma ga wasu ba ya dawowa yadda yake har abada. Haƙora su lalace, muƙamuƙi ya sandare har buɗe baki ya gagara. Da yawa sai an zura musu bututun abinci ta hanci ko ta ciki. Idan aka haɗa da allurar kemo, wahalar ta ƙaru.

Tiyata kuma tana iya ɗauke wani sashe na harshe, ko na ƙashin muƙamuƙi, ko akwatin murya baki ɗaya. Wanda aka cire wa akwatin murya zai ƙare rayuwarsa yana numfashi ta wata ƙofa da aka huda a gaban wuyansa. Muryarsa ta asali ta tafi ke nan, jin ƙamshi ya ragu ƙwarai, ko wanka sai ya yi kaffa-kaffa kada ruwa ya shiga ƙofar. Akwai hanyoyin koyon sabuwar magana, ta wani ɗan bawul da ake dasawa ko ta na'urar da ake ɗorawa a wuya, amma suna buƙatar kuɗi da ƙwararren mai koyar da magana.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam, musamman Thomas Joiner na Jami'ar Jihar Florida, sun daɗe suna nuna cewa tunani biyu ne ke tura mutum ga son mutuwa: jin cewa ya fita daga cikin mutane, da jin cewa ya zama kaya a wuyan nasa. Wannan cuta tana samar da su biyun a lokaci ɗaya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane haka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Zama cikin mutane a nan da baki ake yin sa: doguwar gaisuwar safe, hirar majalisa bayan la'asar, ciniki, cin tuwo a kwano ɗaya. Mutumin da abinci ke zubo masa ta gefen baki, ko yake tari da ƙwarewa a kowace loma, ko gyambonsa ke wari, shi da kansa zai fara janye jiki tun kafin a guje shi. Zai daina zuwa ɗaurin aure. Zai ce a kai masa abincinsa ɗaki. Idan kuma malamin makaranta ne, ko ladan, ko ɗan kasuwa, ko kwandasta, muryar da ta tafi ita ce jarinsa.

Sannan akwai abin da majiyyacin ya shigo da shi tun kafin cutar. Tunda taba da barasa ne manyan musabbabanta, da yawa daga masu ita sun daɗe suna fama da shaye-shaye, wanda shi kansa babban haɗari ne ga kashe kai. Ana umartar su da su daina nan take, a daidai lokacin da suka fi kowane lokaci shiga ƙunci. Ga zargin kai, ga na dangi: ai shi ya jawo wa kansa. Nazarce-nazarce sun sa yawan ciwon damuwa a tsakanin masu wannan sankara tsakanin kashi 15 zuwa 50 cikin 100, wanda yana cikin mafi yawa a duk nau'o'in ciwon daji.

Ciwon damuwar ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Louisville kan majiyyata 134, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa waɗanda suka fara jinya da alamun damuwa sun fi katse gashi a tsakiya, maganin bai yi musu aiki kamar sauran ba, kuma sun fi saurin mutuwa.

Lokacin da ya fi haɗari

Bincike mafi ƙarfi kan lokaci daga Suwidin ya fito. Fang Fang da abokan aikinta sun bi mutum fiye da miliyan 6 daga 1991 zuwa 2006, mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2012. A makon farko bayan an shaida wa mutum yana da ciwon daji, yiwuwar ya kashe kansa ta ninka ta wanda ba shi da cutar sau 12.6. A tsawon shekarar farko, sau 3.1. Binciken Ingila ma ya nuna watanni shida na farko ne suka fi tsanani.

A makon farko ba a fara gashi ba, ba a yi tiyata ba. Labarin ne kawai. Saboda haka yadda likita ya faɗi labarin, da wanda ke zaune kusa da majiyyaci a lokacin, da abin da aka ce masa zai biyo baya, ba ladabi ne kawai ba, sashe ne na magani. Ga sankarar kai da wuya akwai wasu lokutan kuma: ƙarshen gashi, lokacin da illolinsa suka kai ƙololuwa, ranar sallama, lokacin da mutum zai koma unguwa da sabuwar fuska, da ranar da aka ce cutar ta dawo. Haɗarin yana raguwa da shekaru, amma ba ya komawa daidai da na sauran jama'a da wuri, domin bushewar baki da wahalar haɗiya ba sa bin sankarar su tafi.

Yadda abin yake a Najeriya

Ƙiyasin 2022 ya ba Najeriya sababbin masu ciwon daji 127,763 da mace-mace 79,542 a shekara. Amurka ta iya ƙirga mutum 404 ɗin nan ne domin rumbun ciwon dajinta a haɗe yake da takardun shaidar mutuwa. A Najeriya kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ake yi wa rajista, kuma iyalin da nasu ya kashe kansa suna da dalilai na addini da na kunya da na shari'a da za su sa su ce rashin lafiyarsa ce ta ɗauke shi. Rashin ganin abu a takarda ba ya nufin babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma a alƙalumanta na 2019 yankin Afirka ne ke kan gaba.

Abubuwan da binciken Amurka ya danganta da haɗarin, wato cutar da ta yi nisa, da zaman karkara, da nisa da likita, su ne yanayin yau da kullum na majiyyacin Najeriya. Cibiyoyin gashi na gwamnati a Arewa 'yan ƙalilan ne, irin su na asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, sai sabuwar cibiyar Katsina da aka buɗe a 2025. Mako bakwai na gashi yana nufin mako bakwai na kuɗin masauki da abinci a garin da ba naka ba, kai da mai jinyarka, kuma ba ka neman ko sisi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyata yake fitowa. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na Zariya da Gombe, ya soma ne da nau'i uku: na mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Mai sankarar maƙogwaro ba ya cikin wannan lissafi na farko. Magidancin da ya ga an sayar da gona, sannan an sayar da shanu, domin jinyarsa, ba sai an koya masa tunanin cewa ya zama kaya ba.

Sai zafin ciwo. Raɗaɗin da ba a kashe shi ba yana cikin sanannun abubuwan da ke sa mai ciwon daji fatan mutuwa, kuma maganinsa mafi inganci, mofin, ba shi da tsada. Amma kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa abin da Najeriya ke samu na irin waɗannan magunguna bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Abin takaici ne a ƙasar da taramol ke yawo a tasha, mai sankarar harshe ya kwana yana nishi don babu mofin a kantin asibiti.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Dokar da ke sa a yi shiru

Sashe na 327 na kundin Criminal Code da ake aiki da shi a Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 231 na Penal Code a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Jihar Legas ta sauya nata zuwa umarnin kai mutum asibiti. Asalin wannan hukunci gadon Turawan mulkin mallaka ne, su kuwa sun soke nasu a Ingila tun 1961. Pakistan ta soke a 2022, Ghana da Malesiya a 2023, kuma babbar kotun Kenya ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki a Janairun 2025.

A Najeriya, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta shafe waɗannan sassa ba. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke su.

Masu kare sashen kan ce yana tsoratar da mutane. Amma tambayar da ta dace a yi ita ce, wa yake tsoratarwa, daga me? Mutumin da ya kai ga son mutuwa ba ɗaurin shekara ɗaya ne zai dakatar da shi ba. Abin da dokar ke hanawa shi ne faɗa. Majiyyaci ba zai gaya wa nas abin da ke ransa ba idan yana ganin kansa mai laifi, iyali kuma za su ɓoye yunƙurin farko, alhali yunƙurin farko shi ne alama mafi ƙarfi ta cewa na biyu na iya zuwa. Haramcin kashe kai a Musulunci da Kiristanci yana tsare mutane da yawa, kuma wannan gaskiya ce. Sai dai idan aka mai da shi sanda, aka ce wa marar lafiyar da ya furta ƙuncinsa imaninsa ne ya yi rauni, an rufe bakinsa ne kawai, ba a taɓa ciwon ba.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Mataki mafi arha shi ne tambaya. Mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, suna tsoron cewa tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa za ta dasa masa tunanin. Masu bincike a King's College da ke Landan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan haka a 2014, ba su samu ko ɗaya da ya nuna tambayar na ƙara haɗari ba, wasu ma sun nuna tana rage shi. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ake cikawa cikin 'yan mintuna, ta ƙarshenta kai tsaye kan tunanin mutuwa take. Tun 2015 hukumar da ke tantance cibiyoyin ciwon daji a Amurka ta wajabta musu auna ƙuncin majiyyatansu. Wannan ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Ga wanda ba ya iya magana, ana buƙatar takarda da biro, ko wanda zai karanta masa ya amsa da hannu.

An kuma gwada rigakafi. William Lydiatt, likitan tiyatar kai da wuya a jihar Nebraska, ya raba majiyyata 148 da ba su da ciwon damuwa gida biyu kafin su fara jinya. Aka ba rabi maganin damuwa mai suna escitalopram, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna kashi 10 cikin 100 na rukunin farko ne suka kamu da ciwon damuwa, a rukuni na biyu kuwa kashi 24.6. Gwajin ƙarami ne, kuma damuwa ya auna ba kashe kai ba, sannan magani ne da sai likita ya rubuta ya kuma sa ido. Amma ya nuna cewa damuwar da ke biyo bayan gashi ba ƙaddarar da za a naɗe hannu a kanta ba ce.

Ga wanda ya riga ya furta tunanin, akwai tsarin da Barbara Stanley da Gregory Brown suka ƙirƙira: a zauna da shi a rubuta alamun da ke nuna masa duhun na tahowa, da abin da zai yi, da wanda zai kira, da yadda za a nisanta shi da abin da zai cutar da kansa da shi. A gwajin da aka wallafa a 2018 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wannan tsari tare da bibiya ta waya ya rage yunƙurin kashe kai da kashi 45 cikin 100 a wata shida.

Wani abu da ake yawan mantawa: gashin wuya yakan raunana tayirod, halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Idan ta yi rauni, mutum zai yi ta kasala da barci da jin sanyi da mutuwar zuciya, alamun da suka yi kama da ciwon damuwa sak. Gwajin jini ne ke gano shi, ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi, kuma yana iya bayyana watanni ko shekaru bayan an gama gashi.

Ga mai jinya a gida

Iyali ne suka fi likita ganin majiyyaci, kuma su ne za su fara jin kalmomin: gara in huta, na zame muku wahala, ba za ku daɗe kuna fama da ni ba. Haka idan ya fara rabar da kayansa, ko yana sallama da mutane ba dalili, ko ya ƙi abinci da magani, ko ya natsu farat ɗaya bayan doguwar damuwa. Amsar “haba Baba, daina faɗin haka” tana fitowa ne daga ƙauna, amma tana rufe maganar. Abin da ya fi shi ne a zauna a tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, a saurara ba tare da wa'azi ko faɗa ba. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. Magungunansa su koma hannun mai jinya ana ba shi daidai ƙa'ida, a kuma kawar da duk wani abu mai haɗari daga ɗakinsa.

A sanar da likitan da ke duba sankarar a ranar, a kuma faɗa masa idan akwai zafin da maganin da ake ba shi bai kashe ba. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da za a iya neman a tura majiyyaci, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Shirin SURPIN, wanda ya faro daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, yana karɓar kira daga sassan ƙasar. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.